Wanda Ya Zauna Maka A Ƙirji

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kai ka riga mu, Yaya, ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, a kan bencin shagon wanki da guga inda ka shekara tara kana ninke kayan mutane. Shekarunka talatin da huɗu. Ni ƙaninka, wanda gidan nan ya sani da dogon jawabi da manyan kalmomi, na zauna in tsara maka ta'aziyya mai alfarma, sai na tarar kalmomin suna nan amma ba sa ɗaukar komai. Yau kwana shida ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina amsa gaisuwa.

An haife ka da jinkirin fahimta, ba ka taɓa iya karatu ba. Da ka kai shekara ashirin da biyu sai wani ciwon ya hau kai, wanda likita ya kira sikizofireniya: kana jin muryoyin mutanen da babu su, suna zaginka, suna hana ka wanka. Mun daɗe muna cewa halinka ne kawai kafin Umma ta kai ka asibiti. Allurar wata-wata ta rage musu ƙarfi, ba ta kore su ba.

Duk da haka mai shagon ya shaida mana cewa ba ka taɓa haɗa rigar wani da ta wani ba. Ba takarda kake dubawa ba, fuskar mai kaya kake riƙewa. Maɓallin da ya cire kakan adana shi a gwangwani har mai shi ya dawo. Ranar da zan je neman aiki ka goge min riga sau uku, har cikin aljihu, ka ce kada su raina Auta.

Ni kuwa aikina a wurinka ɗaya ne. Idan muryoyin suka matsa, kakan zo ka tsaya bakin ɗakina. Sai in miƙe, in gyara murya, in sanar cewa majalisar ƙoli ta wannan gida, bayan dogon nazari da tuntuɓar masu ruwa da tsaki, ta dakatar da zamansu har illa masha Allah. Kakan yi dariya ka ce sun tsorata. Sau da yawa abin yana aiki, na kuma yi alfahari da shi.

Ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka, ka zo da rana kana gumi.

"Auta, wani ya zauna min a ƙirji. Mai nauyi ne."

Na ɗauka ɗaya daga cikinsu ne. Na miƙe, na ba shi wa'adin awa ashirin da huɗu ya tattara komatsansa kamar yadda doka ta tanada. Ka yi ɗan murmushi, ka dafa bango, ka ce to. Ban tambaye ka ko ciwo kake ji ba. Daga baya likita ya ce zuciya ce, kuma irin wannan takan yi gargaɗi kafin ta tsaya.

Tun ranar da ka rasu Umma take tambayar duk wanda ya shigo ko ka yi wa wani ƙorafi. Ta tambayi mai shago, ta tambayi maƙwabta. Ta ɗora wa kanta laifi, wai ita da ta san har numfashinka ba ta lura ba. Ni ba ta tambaye ni ba, domin a ganinta ni da kai wasa kawai ke haɗa mu. Ina zaune kusa da ita, duk ina ji.

Umma, ya faɗa. Ni ya faɗa wa. Ba sakacinki ba ne. Bakina ya kasa furtawa, shi ya sa na rubuta, na roƙi babbar yayarmu ta karanta miki.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga yayarmu, da dangi, da mai shagon da ya riƙe ka kamar ɗansa. Allah Ya ba ki haƙuri, Umma. In kin gama saurare, ina tsakar gida. Ba zan fita ba sai kin kira ni.