Kwalbar Kaneng

Dung Rwang mutumin Bukuru ne, ɗan wani mai haƙar kuza. Ya zo Landan a 1967 da niyyar karatun injiniya, karatu ya ƙi, ya ƙare a ɗakin ƙasa na wani otal a Marylebone yana dakon akwatunan giya. A bas muka haɗu, ina kan hanyar zuwa aiki gidan rediyo. Ya ji ina mitar sanyi da Hausa, ya juyo ya ce, "Haƙuri malam, ai ba a fara ba tukuna." Tun ranar muka ƙulla abota, shi da cocinsa, ni da butata.

Da kuɗin mai ya ɓarke a gida, manyanmu suka cika otal ɗin, a buɗe kwalba goma, a sha rabi a bar rabi. Dung ke hawa da sauka da su, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ɗan wane gari ne. Har yau abin yana ci mini rai. Shi kuwa kwalba ɗaya tak ya mallaka, jar giya ta Faransa, wadda tsohon Baturen da ke shugabantarsu ya ba shi da zai bar aiki. Ya ce irinta sai ta tsufa take daɗi. Dung ya rantse ba zai buɗe ta ba sai ranar da matarsa Kaneng ta sauka a Landan.

Zuwan Kaneng kuwa kullum sai baɗi. Dung ya fi kowa sanin cewa a wuri mai sanyi ake kwantar da irin wannan kwalba, amma ya kafa ta a tsaye bisa kantar da ke saman hita mai ɗumama ɗakinsa na Woolwich, gefen hoton aurensu. Ya ce yana so ya riƙa ganinsu tare.

A 1976, saura wata biyu ta taso, wasiƙa ta zo. Kaneng ta rasu a Jos, har an binne ta.

Na je ta'aziyya ranar Asabar bayan azahar. Na tarar ya sauko da kwalbar, ga kofi biyu.

"Haliru, a gidanmu mutum ba ya shan giyar makoki shi kaɗai," in ji shi. "In na sha ni ɗaya, kamar ba ta da kowa ke nan. Duk London kai kaɗai ka san sunanta."

"Dung, ka san ba zan iya ba."

"Na sani. Just sit."

Na zauna, tausayinsa ya cika ni, ga shi ba yadda zan yi. Ya ja matoshin kwalbar, sai matoshin ya marmashe a hannunsa don bushewa. Ya zuba kofi biyun duk da haka, ya fara kurɓa, sai ya yamutse fuska.

"Ta yi spoil," ya ce. "Ta koma vinegar." Ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka. "Ita ma na bar ta ta yi ta jira."

Na ɗauki ɗaya kofin na shinshina. Tsami zalla, ba sauran warin giya. Sai na tuna karatun da muka yi a zauren malaminmu a Zariya: giya in ta juye da kanta ta zama khal, wato ruwan tsamin da Dung ya kira vinegar, ta halatta. Ban taɓa zaton wannan babin zai yi mini rana ba.

Na yi bismilla na kurɓa. Tsamin ya kashe mini haƙora, idona ya kawo ruwa.

Dung ya ɗago a firgice. "Haliru, me ka yi?"

"Addinina bai hana ni wannan ba," na ce. "Ɗauki naka. Kaneng tana da mutane."

Ya ɗauka. Muka shanye har ƙasan kofi, mu biyu.