Hannatu Tana Cikin Kaset

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Timoti Bako daga Suleja zuwa Abuja ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai hedfon rufe da kunnuwa, da 'yar jakar fata rataye a ƙirji wayoyi na leƙowa daga bakinta, wanda hannunsa na dama ba ya zama wuri ɗaya. Tun daga tasha yake bugun gwiwarsa da tafin hannu har ya sauka, bugu biyu a jere, na uku ya ɗan makara. In an cusa su mutum huɗu a kujerar baya, gwiwar maƙwabci ma takan sami rabonta. An sha yi masa magana. Yakan ba da haƙuri har zuciyarsa, ya danne hannun a ƙarƙashin cinya, amma kafin a wuce Madalla hannun ya sulale ya koma bakin aikinsa. Haka yake tun yana ƙarami, malaman firamare sun gaji da dukan hannun sun ƙyale shi.

A Suleja aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Bako, malamin makaranta ne da ya taso daga kudancin Kaduna da akwati ɗaya da amarya, Hannatu. Timoti yana shekara biyar Hannatu ta kwanta zazzaɓin kwana huɗu, ba ta tashi ba. Abin da ya rage masa nata bai taka kara ya karya ba: ɗankwalin zumuntar mata da take ɗaurawa ranar Lahadi, da ɗumin bayanta. Muryarta kuwa ta ɓace masa sarai. Malam Bako mutum ne da in ka tambaye shi abu sai ya gyara tabarau ya ce a je a yi karatu, don haka yaron ya girma bai tambaya ba. Ya gama makaranta, ya sami aikin rajista a wata ma'aikata a Abuja inda yake jera fayil-fayil shekara goma sha ɗaya ke nan, ya auri Rut, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Shekara huɗu da suka wuce Malam Bako ya rasu. Da ana kwashe kayansa, a ƙasan akwati, ƙarƙashin takardun fansho, aka ga wani kaset a naɗe cikin leda. A jikinsa an rubuta da biro, da rubutun malamin nan mai tsayi: "Zumuntar Mata, taron shekara, 1993. Hannatu tana ciki." Daga wannan rana Timoti bai ƙara samun natsuwa ba.

Ya kai kaset ɗin wurin wani mai gyaran rediyo a Bagama, aka juye waƙoƙin cikin mimori. Waƙa tara ce. Mata kusan arba'in, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, ga caki, ga ƙarar ƙarfe, ga wani abu can ƙasa yana dum-dum. Da rediyo guda aka ɗauka, da alama a kan benci aka ajiye ta, don har tarin wani tsoho ya shiga ciki. Timoti ya saurara da iyafis ɗin wayarsa, ya ji muryoyin a cure wuri ɗaya kamar tuwo. Ya sake saurara, ya sake. Ya tabbatar wa kansa cewa ɗa ba zai kasa gane muryar uwarsa ba, sai dai in abin jin ne ba shi da kyau.

Nan Chinedu ya shigo rayuwarsa. Chinedu yana da shago a babbar kasuwa, caja da murfin waya yake sayarwa, amma duk abin da ka nuna masa hotonsa zai sa a kawo maka daga Legas. Shi ne ya fara gaya wa Timoti cewa masu jin kiɗa na gaske ba sa ji da waya. Abu uku suke haɗawa: 'yar na'urar kunna waƙa wadda ba ta san kira ko saƙo ba, da ƙaramin amfilifaya mai girman akwatin ashana, sai hedfon. Timoti ya tsaya yana kaɗa kai, hannunsa na bugun kantar shagon har cajojin suna rawa.

Wuri ɗaya ne yake da shi na sauraro, wato mota. Gidansa ɗaki biyu ne, ga yara, ga janareton maƙwabci. A ofis kuwa shugabarsa ba ta son ganin waya a kunnen kowa. Amma hanya tana ba shi awa biyu da safe, da yamma kuma in cunkoson Zuba ya so, har uku. Saboda haka duk abin da zai saya dole ya shiga jakar ƙirji, batirinsa ya kai shi ya dawo da shi, ya kuma fi ƙarfin hon da injin da muhawarar siyasar fasinjoji.

Ya fara da hedfon mai hudoji a baya, wanda aka ce yana buɗe sauti. Ya buɗe shi kuwa, don duk motar ta ji waƙar, har wata dattijuwa a kujerar gaba ta kama amshi tun daga Dutsen Zuma. Ya mayar. Ya karɓi mai kashe hayaniya, ya ji kansa kamar an kifa masa bokiti. Ya mayar. Ya gwada ƙananan nan da ake turawa cikin kunne, kunnensa na hagu ya yi sati yana ƙaiƙayi. Da wuya Asabar ta wuce ba a gan shi a shagon Chinedu ba, yana kwance wannan yana ɗaura wancan. Rut ta ce ko mai neman aure bai kai shi zirga-zirga ba.

Akwai wani baƙin hedfon mai nauyi da Chinedu ya rantse babu irinsa a duk Suleja. Kwana biyu ya yi a hannun Timoti. Ranar farko da ya kunna, dum-dum ɗin nan na ƙasa ya taso ya cika masa kai, har a muƙamuƙinsa yake jin sa, muryoyin matan suka koma baya. Haushi ya kama shi. Ya mayar da shi ya ce shi murya yake nema, ba gidan rawa zai buɗe ba.

"Oga Timo, wannan bes ɗin fa shi ne kuɗin," in ji Chinedu. "Mutane kuka suke yi su same shi."

"Su je su same shi. Ni cire mini shi za ka yi."

Sai Chinedu ya nuna masa wurin da ake daidaita sauti a jikin na'urar, sanduna goma a jere. Timoti ya ja uku na farko ya kai su ƙasa ƙurmus, ya ɗaga na tsakiya. Dum-dum ya ɓace, muryoyin suka matso. Ya zaɓi wani hedfon mara nauyi da ke fito da siririn sauti, ya haɗa da amfilifayar, ya ɗaure su da roba. A ranar ya ji kamar ya share daji.

Duk wannan wahala tana da gajeriyar hanya, kuma Rut ta sha nuna masa ita. Mama Debora, wadda ita ce shugabar zumuntar a wancan lokaci kuma aminiyar Hannatu, tana nan da ranta a Garam wurin ɗanta. Minti biyar ya ishe ta ta ce ga muryar. Timoti yakan ce sai ya sami lokaci. Gaskiyar ita ce kunya yake ji. Yana jin cewa in wani ne ya nuna masa uwarsa, to ya rasa ta sau biyu ke nan. So yake ya gane ta da kunnensa, sannan ya je a ce masa haka ne.

Shekara uku ya yi yana bin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya san mai shaƙewa in waƙa ta yi sama, ya san mai riga kowa shiga amshi, ya san mai jan ƙarshen baiti. Wata rana zai kama ɗaya ya yini da ita a ransa, washegari ya sake ta. Sau biyu yana wuce inda zai sauka. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, 'ya'yansa suka koyi cewa in Baba ya shigo da abu a kunne ba a gaishe shi sai ya cire.

A ƙarshe ya tsaya a kan guda. A waƙa ta shida akwai wata siririyar murya mai zaƙi da ke hawa sama da sauran, ta ɗan yi rawa kafin ta sauka. Duk lokacin da ta zo sai ƙirjinsa ya matse. Ya yi wata biyu yana jin ta kullum, har ya fara ganin fuskar da ke hoton auren iyayensa tana buɗe baki daidai wurin. Wata Asabar da safe ya sa rigarsa ta coci, ya ce wa Rut Garam za shi. Ta ƙulla masa ledar lemo ya kai wa tsohuwa.

Ya tarar da Mama Debora a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan yadda aka san shi. Ta yi masa faɗan rashin zumunci, ta tambayi Rut da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo masa kunu. Shi dai yana zaune a bakin benci, hannunsa na bakin aikinsa. Da ya samu ta numfasa, ya gaya mata zancen kaset, ya ɗora mata hedfon a kan ɗankwali, ya kunna waƙa ta shida. Fuskarta ta saki, ta fara motsa baki tana bin baitin. Da siririyar muryar ta hau, ya taɓa hannunta.

"Mama, wannan. Ita ce ko?"

Tsohuwa ta kwashe da dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. Ta ce ai wannan Saratu ce matar kafinta, wadda kullum sai ta hau inda ba a aike ta ba don a san ta zo. Tana nan ma da ranta a Kafancan, ta yi jikoki. Timoti ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Wata biyu yana hawaye a cikin mota saboda matar kafinta.

Sai dariyar Mama Debora ta tsaya. Ta dafe hedfon da hannu biyu, ta karkata kai, ta ɗaure fuska.

"Ina tulun?"

Ya ce wane tulu. Ta ce tulun zumunta mana, babban tulun ƙasa da ake buga bakinsa da faifan soso, wanda shi ke riƙe da waƙar gaba ɗaya. Ta ce wannan waƙar tasu ce, amma an yanke mata ƙafafu. Timoti ya ce ai shi ne ya cire shi, don yana rufe masa muryoyi.

Ta zare hedfon ɗin ta dubi Timoti.

"Ɗana, uwarka ba ta waƙa. Allah ya ba ta komai, bai ba ta murya ba. In ta ja baiti duk sai mu ɓace. Ni da kaina na ce, Hannatu, rufe bakinki ki zauna ga tulu. Shekara shida tana kansa, ba mu ƙara samun mai hannunta ba. Babanka ya faɗi gaskiya, tana ciki. Daga farkon kaset ɗin har ƙarshe ita ce."

Timoti ya tuna baƙin hedfon ɗin da ya mayar, da yadda abin ya cika masa kai har muƙamuƙi, da haushin da ya ji. Ta zo masa tun a lokacin, da ƙarfinta, shi kuma ya tafi kasuwa ya nemi a koya masa yadda zai kore ta. Ya buɗe wurin sandunan nan, ya tura ukun farko sama ɗaya bayan ɗaya, ya sa hedfon a kansa.

Wannan hedfon ɗin ba gwanin sautin ƙasa ba ne, don haka ma ya zaɓe shi. Duk da haka tulun ya fito, can ƙarƙashin matan arba'in, ba gaggawa, ba gajiya. Ya rufe ido. Bai san ko zai gane wani abu ba, kuma tsoron kada ya sake ƙirƙira wa kansa uwa ya hana shi sakin jiki.

Ya ji an kama masa wuyan hannu. Ya buɗe ido, ya ga Mama Debora ta sunkuyo tana kallon gwiwarsa. Ya ɗaga hedfon daga kunne ɗaya.

"Tun da ka zauna nake jin wannan bugun a benci, na rasa inda na san shi," in ji ta. "Biyu a jere, na uku ya makara. Har faɗa muka yi da ita a kai. Da kai a goye take bugawa."

Ta sake masa hannun. Ya dube shi a kan gwiwarsa, ya mayar da hedfon, ya bar shi ya ci gaba. Tulun yana bugawa a kunnensa, hannun yana bugawa a gwiwarsa, a wuri ɗaya suke makara.