Fuskar Taubashina a Bangon Sito

Na koma karatu da furfura a gemu. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da zane a firamare, kofi da kwanon da na zana a allo da za a tara su da sun cika kasuwar Maƙarfi har sun yi saura, sai aka ce duk wanda bai ƙaro takarda ba a matakin da yake zai yi ritaya. Na shiga karatun ƙarshen mako. Da aka zo rabon batun bincike, malamin da ke duba aikina, wanda na kusa haifarsa, ya ce in binciko ko zane yana iya sauya halin jama'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai kafin la'asar na gama."

Wata biyu ina yawo a babur da takardun tambayoyi, daga Kudan zuwa Gazara, har tayar baya ta yi sumul kamar kan jariri. Duk wanda na tambaya sai ya ce ƙwarai kuwa Malam, zane yana gyara hali, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko sunayen masu samun taki ake rubutawa. Da na kai wa malamin, ya juya takardun sau biyu ya ce wannan ba bincike ba ne, gaisuwa ce. Ya ce in nemi wani hali na gaske, in sa a yi zane a kansa, in zauna in ga abin da zai faru.

Halin kuwa yana nan a ƙauyenmu, can wajen Gubuchi. Manoma in sun gama feshin maganin ciyawa sai su sauke tankin da suke goyawa a bakin tafki su ɗauraye shi, a tafkin da shanun makiyaya ke sha, mata ke wanki. An yi wa'azi, mai unguwa ya yi faɗa, kifi ya taso ciki sama, ba wanda ya fasa. Na roƙi bangon tsohon sito da ke bakin hanyar kasuwa, aka ba ni. Na tafi Ikara wajen wani mai fenti da ke zana zaki da gaggafa a bayan motocin rake. Na ce ina son mutum tsugune yana wanke tanki, ruwa ya yi kore, ga saniya a gefe ta kwanta ƙafafu sama.

Ya ce, "Saniya ba matsala. Amma ni ban iya ƙago fuskar mutum ba, sai na gani. Fuskar wa za a sa?"

Na ciro waya ina lalube, sai ga hoton taubashina a wajen wani suna, ya washe baki yana cin waina.

Ɗan kawuna ne, wata uku tsakaninmu. Tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini mai tumbin gwamnati. Ranar aurena ya tashi a gaban surukaina ya ce a tausaya wa yarinyar nan, wai ni tuwon gida uku ba ya isata. Ranar nasa na ce amarya ta riƙa rufe tukunya, don iska na shiga ta wushiryarsa ta huce miya. Kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. Haka taubasantaka take, ka jefa, a jefo maka, a tashi ba wanda ya riƙe kowa.

Na yi dariya har na ƙware, na miƙa wa mai fenti wayar. Na ce kada ya manta wushiryar, da hular nan da yake karkatawa hagu.

Bai manta ba. Wallahi mutumin nan da a ƙasar waje yake da an gina masa gida. Kwana uku yana kan tsani, da ya sauko sai ga taubashina a bango, tsayinsa ya yi mutum biyu, har ɗan tabon da ke gefen hancinsa. Yana wanke tanki yana murmushi, saniya na mutuwa a gabansa.

Ranar kasuwa na sami gindin mangwaro na zauna da littafina. Babura suka riƙa tsayawa. Mata suna sauke kaya suna nunawa, wani mai mazarƙwaila ya yi dariya har tirensa ya kife. Na rubuta: jama'a sun karɓi saƙo. Cikin mako biyu ko mutum ɗaya ban ga ya kai tanki bakin tafki ba. Na kira malamina ina ihu a waya, ya ce wannan babin shi ne zuciyar aikin.

Ni dai jira nake taubashina ya zo ya rama. Na ma tanadi amsoshi. Bai zo ba.

Ranar wata Juma'a muka haɗu a ƙofar masallaci. Na ɗaga murya, "Kai bawana, an ce ka yi suna, yanzu sai da tikiti ake ganinka!"

Ya tsaya, ya ba ni hannu biyu, ya ɗan rusuna. Hularsa a miƙe take, ba karkata.

"Malam, ina wuni. Ya iyali? Ya ƙoƙari? Allah ya taimaka."

Ya wuce. Da ya kwaɗa mini mari a gaban liman da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin ya ce mini Malam ba. Na tsaya riƙe da takalmina kamar wanda ya zo sata.

Washegari na bi shi gonar rake. Na same shi a can ƙarshen gona, nesa da ruwa, yana ɗauraye tankinsa da ruwan jarka yana zubawa a wani rami da ya haƙa. Ramin ba sabo ba ne, ciyawar gefensa ta daɗe da ƙonewa. Na san ramin nan. Na sha yi masa tsiya a kansa, ina cewa ya yi wa tanki makewayi. A duk ƙauyen shi kaɗai ne bai taɓa kai tanki tafki ba, kuma na sani sarai lokacin da nake miƙa waya.

Na ce, "Wasa ne fa. Ni da kai."

Ya ce, "Ni da kai ne suka tsaya a bakin hanya?"

Ya ƙara da cewa:

"In ka zage ni a majalisa, ina buɗe baki in rama, a tashi. Bangon nan me zan ce masa? Ina barci yana zagina, ina gona yana zagina. Bafulatanin da shekara goma yake kwana da shanunsa a gonata bayan girbi, jiya ya canza hanya da ya hango ni. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai 'yar mai kashe shanu. Surukina ya aiko a tambaya ko gaskiya ne hukuma ce ta sa a zana ni."

Duk bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da jijjiga tankinsa.

Sai a lokacin na gane abin da na rubuta a littafina ƙarya ne. Ba wanda ya fahimci illar magani daga zanen nan. Tsoro suka ji, kowa na gudun kada gobe a wayi gari fuskarsa ce a bango.

Na ce yau ɗin nan zan sayo farar ƙasa in shafe shi.

Ya ce, "A'a. Tun da aka yi shi ruwan ya washe, shanu na sha lafiya. Ka shafe, su koma? Saniya ta zauna, tanki ya zauna." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko. "Fuska dai za a canza. Akwai hotonka a wayata."

Na buɗe baki in ce ni ma'aikaci ne, ɗalibaina na bin hanyar nan, ni ko feshi ban iya ba. Sai na fasa, don shi ma yana da irin nasa dalilan, ba wanda ya tambaye shi.

Ni na ɗauko mai fenti daga Ikara a bayan babur ɗina. Taubashina ya kawo kujera ya zauna yana ba da umarni.

"Ƙara tumbin. Ƙara dai, ai fenti bai ƙare ba. Wuyan nan ya yi tsawo, shi ba shi da wuya, kansa a kan kafaɗa aka ɗora."

Jama'a suka taru fiye da na farko. Na tsaya a gabansu na faɗa da bakina cewa mutumin da aka zana da fari bai taɓa wanke tanki a tafki ba, ni na sa fuskarsa don neman dariya. Wani dattijo ya ce, "Kai kuwa Malam, da girmanka." Ban taɓa jin gajeriyar magana mai nauyin wannan ba. Da yamma na tafi ruga na maimaita wa Bafulatanin, na je gidan surukin na maimaita. Wajen 'yar ce na kasa haɗa ido, na tsaya a zaure ina ta kame-kame har ta gaji ta shige ciki.

Babin nan na sake rubuta shi yadda abin ya faru. Malamina ya ce na ɓata sakamako mai kyau, ya rage mini maki, ban yi gardama ba.

Zanen yana nan, rana ta ɗan cinye koren ruwan amma tumbin ko gezau. Kullum zan tafi makaranta sai na wuce ta gabansa, in sunkuyar da kai in ƙara wuta. 'Yar har yau in ta gaishe ni a taƙaice take yi. Taubashina kuwa sai da aka fara girbi, ina wucewa ta bakin gonarsa, na ji an ƙwala daga cikin rake:

"Mai tumbin gwamnati! A dai rage kashe shanun mutane!"

Na tsayar da babur. Amsa ta zo mini har uku, masu zafi. Na haɗiye su, na bar masa wannan.