Soron Farin Dutse na Kaka

Wata safiyar Laraba ce, a ranin farko bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Ina durƙushe bakin murhu ina hura wuta, sai na ji kukan raƙumi a ƙofar gidanmu. Na yar da mafici na fita da gudu, ƙanena Sani na biye da ni ko wando babu. Raƙuma bakwai muka tarar gurfane ƙarƙashin tsamiya, wasu Buzaye biyu suna kwance kaya, Baba yana tsaye a kansu, ya rame ya yi baƙi bayan wata uku yana cin rani a ƙasar Adar. Mu yara mun ɗauka gishiri ne ko dabino. Da aka zazzage taikin farko sai ga duwatsu masu ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Sani ya ɗauki ɗaya ya lasa, ya tofar. Kaka, mahaifiyar Baba, ta fito tana dogara sanda, ta dubi tsibin, ta dubi ɗanta, ta ce, "Idi, kowa ya tafi cin rani tufafi yake komowa da su, kai ko duwatsu ka kwaso muna?" Baba ya yi murmushi ya ce da su zai rufa mata ɗaki.

Shekaruna ba su wuce goma ba a lokacin. Ƙauyenmu yana tsakanin Cadawa da Agiye, ƙasar yashi da gero da gyaɗa, inda yawancin ɗakuna rufin ciyawa ne, soraye kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Baba magini ne, gadon gidansu ne. Kafin ya tafi ya riga ya tayar wa Kaka da bangon sabon ɗaki na tubali, don gara ta cinye tsohon. A Adar ya yi aiki ƙarƙashin wani tsohon magini mutumin hamada, wanda ya nuna masa yadda ake ƙona wannan dutse a mai da shi gari, a kwaɓa, a zuba shi kamar kunu ya daskare. Ma'aikatan gwamnati filatir suke ce masa, mu a gida farin dutse muka sa masa. Akwai kuma abin da ke ran Baba ban da ɗakin Kaka. An buɗe lakol a garinmu, ina cikin 'yan mata huɗu da aka sa, ajinmu kuwa rumfar zana ce wadda in hadari ya taso sai kowa ya kwashi allonsa ya gudu. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya zo ya ga duwatsun, ya ce in rufin ya ci damina lafiya zai yi wa maigari magana a ba Baba ginin aji.

Aikin farko ƙona dutsen ne. Baba ya haƙa rami mai faɗi bayan rumbuna, ya shimfiɗa busasshen kashin shanu da muka yini muna tsintowa a mashekarin Fulani, ya jera duwatsun, ya rufe su da wani kashin shanun da karan gero. Ba ya son wuta mai harshe. Ya ce in wuta ta yi yawa dutsen ba zai ƙara kamawa ba, in ta yi kaɗan cikinsa ya zauna ɗanye. Kwana biyu ramin yana hayaƙi a hankali. Da aka tone, ƙyallin nan ya tafi, duwatsun sun yi fari fat kamar alli, in ka murza da yatsa su marmashe. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Inna da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, da matan maƙwabta suka jera turame biyar a tsakar gida suna lugude, farin gari na bin gira da gashin ido har kowa ya zama kamar tsohuwa mai furfura. Mu 'yan mata muna tankaɗe da rariya, tsakin a mayar turmi. Kaji suka yi ta kewaya mu suna zaton garin hatsi ne. Abin da aka tankaɗe a zuba cikin busassun tuluna a toshe baki da tsumma, don ko raɓa Baba ba ya so garin ya shaƙa. Sati biyu ba gaɗa ba carafke, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Ranar zubi gayya aka yi. An jera azarar goruba kurkusa a kan bango, aka shimfiɗa asabari a kai, sannan aka giciya zaren kaba kamar saƙar raga, don ya riƙe zubin in ya so tsagewa. Aka tare gefe da katako. A ƙasa aka ajiye masakai huɗu, kowane da mai kwaɓinsa, ni aka ba ɗaya saboda an san hannuna da sauri wajen dama fura. Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa gari a hankali har ya tsaya kamar tsibiri a tsakiya, a sa hannu a juya kaɗan, a miƙa wa samarin da ke kan tsani. Kafin a fara Baba ya tsaya a gabanmu ya ce, "In ya fara kamawa cikin masaki, a zubar da shi. Kar wanda ya ƙara mashi ruwa." Shi yana sama yana karɓa, ya zuba kaurin yatsa huɗu, ya ja da katako yana karkata shi zuwa wajen indararo. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, kafin mutum ya sha ruwa ya goge baki zubin ya daskare, kuma in ka ɗora hannu sai ka ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Tsofaffi suka yi ta taɓa ragowar da ke bakin masaki suna salati.

Wajen azahar an kai kusurwar gabas, wadda ita ce ta ƙarshe. Na gama juya nawa ke nan sai Sani ya faɗo daga kan turmi ya fasa leɓe. Na ruga na ɗauke shi, na kai wa Inna, na dawo. Ko da na sa hannu cikin masaki, kwaɓin ya fara tauri kamar tuwon da ya huce. Na san garin da ya rage ba shi da yawa, na san wahalar da aka sha kafin a same shi, ga Baba yana kira daga sama a miƙo. Na duba dama na duba hagu, kowa na kan aikinsa. Na ɗebi ruwa da moɗa na zuba, na murtsuke shi da ƙarfi har ya saki, na miƙa. Aka zuba, aka shafe, ya yi sumul kamar sauran.

Bayan kwana uku aka zo kan ƙasan ɗaki. A wajenmu wannan aikin mata ne, daɓe, kuma Kaka ce uwar daɓen unguwarmu. Ita ta san birjin da ya dace, ita ta san kwana nawa ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, kafin ruwanta ya yi ja ya yi danƙo, ita ke ba da waƙa mata na amsawa madaɓai na sauka tare. Don haka ba wanda ya aika kiransu, mata suka zo da sassafe kowace da madaɓinta. Baba kuwa ya riga ya baje tsakuwa, ya raba ɗakin gida huɗu da katako, ya haɗa garin da yashi mai laushi, yana zubawa gida gida yana gogewa da bayan ƙwarya. Kafin hantsi ya gama. Matan suna zaune ƙarƙashin rumfa, madaɓai a cinya, ba abin bugu. Gwaggo Hajo ta ce, "Ɗakin da ba a yi wa waƙa ba, anya zai yi albarka?" Kaka ba ta so su koma haka ba, sai ta sa aka ɗebo birji aka daɓe filin ƙofar ɗakin, suka yi ta waƙa har la'asar. A ranar ne ta ce wa Baba ya bi rufin da ƙasa da ruwan makuba, don ta jefa guntun zubin cikin kasko da ruwa ta ga yana zagwanyewa a hankali. Baba ya ce tsohon da ya koya masa ba ya shafa komai. Gaskiyar magana, so yake a riƙa hango farin soron daga hanya. Kaka ta ce, "Can ana ruwa kamar nan?"

Kaka ta tare, ni ce mai kwana wajenta. Ɗakin yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, ƙasansa santsi kamar cikin ƙwarya, shara ɗaya ya yi tas. Mutane har daga ƙauyukan kusa suna zuwa kallo. Ni kaɗai ce ba ni da kwanciyar hankali. Nakan hau sama da sunan shanya kuɓewa, in bi rufin ina ƙwanƙwasawa. Ko'ina sai ya amsa kamar sabon kasko, amma kusurwar gabas in na danna farce sai ya shige, gari ya biyo. Na yi ta cewa a raina rana za ta busar da shi.

Ruwan farko da na biyu ba su yi ƙarfi ba, aka yi shuka. Na uku ya zo da la'asar daga gabas da iska, mun dawo daga gona ke nan. Muna ciki ni da Kaka sai na ga wani farin ruwa kamar tsala yana bin bango. Kafin in buɗe baki, wani ɓangare kamar faɗin faifai ya ɓallo daga kusurwar gabas tare da asabarin, ya faɗo dab da ƙafar Kaka, ruwa ya biyo kamar an tuntsurar da tulu. Muka ja gadon kara da kwandon audugarta gefe, muka tsaya jikin ƙofa har aka ɗauke. Washegari babu wanda bai ji ba. A lakol yara maza suna bina suna kirana ɗiyar mai rufi da fura. Mushe ya daina biyowa ta ƙofar gidanmu. Baba ya koma zaman zaure, abinci sai ya taɓa ya ture. Dariyar mutane ba ta dame shi kamar rashin sanin dalili ba. Na ji yana ce wa Inna ko shi ya ɓata ƙunar, ko tsohon nan ya ɓoye masa wani abu, kuma gobe zai fasa rufin duka ya mai da ciyawa kafin ya kashe masa uwa.

Wannan maganar ce ta fi ƙarfina. Kaka na fara gaya wa, tana zaune tana kaɗi. Ba ta tsai da mazari ba, ta ce, "Tashi ki faɗa wa ubanki da bakinki. Gyambon da aka rufe shi ke ɗoyi." Na je zaure na durƙusa na faɗa, ina jiran bulala. Sai ya ce, "Masaki nawa?" Na ce ɗaya. Ya tashi ya jingina tsani ya ce in hau. Ya bi rufin taki taki yana bugawa da ƙotar wuƙa, ko'ina yana amsawa, sai gefen wurin da ya ɓallo kawai. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Daga nan ya durƙusa ya nuna mini wasu siraran layuka da ruwa ya zana har a wurare masu ƙarfi, duk sun nufi indararo. Ya kira sunana ya ce, "Rabi, naki kuskuren wuri ɗaya ya huda. Nawa da an bar shi damina uku, duka zai cinye. An faɗa mani, ban ji ba."

Tulu ɗaya na gari ya rage. Da aka samu kwana biyu ba hadari, Baba ya yanke mataccen wurin har inda ya ji tauri, ya sa sabon asabari da zaren kaba, ya ce ni zan kwaɓa. Na kwaɓa yana tsaye a kaina. Sannan aka jiƙa makuba, aka bi rufin da ƙasa marar kauri aka shafe, Kaka na zaune a ƙasa tana ba da umarni da sandarta. Farin nan ya ɓace, soron ya zama ja kamar na kowa, kuma bai ƙara yoyo ba. Ginin aji dai bai samu ba. Muka ci gaba da gudun hadari har aka kawo mana kwano daga Maradi. Ɗaki biyu kawai Baba ya ƙara zubawa a rayuwarsa, don dutsen yana da nisa, siminti kuma ya shigo. Sai da na yi aure na haihu, muna hira da Inna, na gane ko ita bai taɓa gaya wa abin da na yi ba. Ya bar gari yana cewa magini ne ya yi kuskure.

Yanzu a Maradi nake zaune wajen ɗana. Filatir a buhu yake zuwa, ana yi wa silin ado da shi, samari su zo da safe su gama da yamma, su tafi ban ko san sunansu ba. In na je ƙauye duk kwano ne, da bazara ba mai iya zama ɗaki, kuma na daɗe ban ji ƙarar madaɓi ba. Soron Kaka ya tsaya har bayan rasuwar Baba, sai da aka rasa mai sabunta masa makuba sannan ya zauna. A da in mutum ya kwanta ya dubi rufin ɗakinsa, ya san duk hannun da ke ciki.