Fiƙar da Ta Kwanta a Ganɗar Liatu

Waɗanda suka san Liatu a Funtua sun san ta ne da abu biyu: alalar da take sayarwa a bakin gidan gurzar auduga, da hannun da take kare baki da shi in za ta yi magana. Ma'aikata na tsokanarta wai kunya ce. Wace irin kunya ga matar da ke iya tsayar da direban babbar mota da harara? Giɓi take ɓoyewa, haƙora uku na gaba, kuma ta san wanda ya jawo mata shi.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi ta tashi, a hannun Baffa Sulemanu, ƙanen mahaifinta, dattijon ikilisiya wanda bai taɓa cewa bai sani ba. Ita ce ke ba da waƙa a majami'a tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Da ta yi famfara duk haƙoran nono suka zube, sai fiƙar sama ta hagu, ƙarama, ta ƙi motsi. Ba wanda ya damu, har wasu na cewa ado ne.

Tana shekara goma sha tara, a 1972, ganɗarta ta kumbura. Wata malamar asibitin mishan ta tura ta Zariya, Baffa ya raka ta a jirgin ƙasa yana mita. Likitan haƙori ya ɗauki hoton bakinta, ya ɗaga shi a hasken taga. Ga babbar fiƙa nan kwance a gicciye cikin ƙashi, ta ɓata hanya, kanta na tokare da saiwar haƙoran gaba. Ya ce lokacin jawo ta ya wuce, sai dai a yi aiki a ciro ta, in ba haka ba za ta ci saiwar na kusa da ita.

Baffa ya naɗe hannun riga ya ce faufau. Kowa ya san jijiyar fiƙar sama a ido take, wanda aka cire masa ya makance. Likita ya tambaye shi, wa ya makance? A ina? Ba ya da suna ko ɗaya, amma ya ƙi dangwala yatsa a takardar amincewa da aikin. Ya mayar da ita gida ya kira Jibo wanzami, aka danne ta a tabarma aka yi mata sakiya a ganɗa. Sau uku cikin shekara biyu, ƙarfe mai zafi a bakin yarinya, wai ƙurji ne. Jibo dai abin da ya iya ya yi. Wanda ya ga hoton da idonsa shi ne ba ya da uzuri.

Bayan ta auri Mark, makanike a gidan gurza, haƙoran gaba suka fara girgiɗi. Ɗaya ya fita a cikin ɗanyen rake. Da ta koma Zariya da mijinta, aka ciro fiƙar, aka ciro sauran biyun da saiwarsu ta cinye. Idanunta ko ja ba su yi ba. Ta gwada ba da waƙa sau ɗaya, iska na fita ta giɓin, yara suka ƙyalƙyale. Daga ranar ta koma bencin baya. Fiƙar kuwa ta ajiye ta a gwangwanin man shafawa, takan buɗe ta duba, ranta ya sake ɓaci sabo.

Likita ya gaya mata abin yakan bi jini, ya kuma nuna mata inda ake taɓawa. Don haka tun 'yarta Salome na shekara tara take latsa mata dasashi, saman fiƙar nono, tana neman tudun da ke nuna babbar na tafe. A dama ta ji shi. A hagu shiru, shekara goma, shekara goma sha ɗaya. A 1987 ta kai ta hoto. Likita Oluwole, haifaffen Sabon Garin Funtua mai Hausa kamar Bakatsine, ya ce fiƙar ta fara karkata, amma da sauran lokaci: a cire ta nonon yanzu, mai yiwuwa babbar ta sami hanya ta miƙe.

Mark, mutumin kirki mai tsoron manya, ya kai maganar ƙauye. Ran Lahadi sai ga Baffa da sandarsa a tsakar gida, ya zauna, ya ce ba za a makantar masa da jika ba yana raye.

Liatu ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin, ta zazzage fiƙar a tafin hannunsa. Ta sauke hannu daga bakinta, ta buɗe shi sosai a gaban mijinta da 'yarta.

"Baffa, shekara goma sha biyu da ciro wannan. Ga idanuna biyu, da su nake kallonka. Ina haƙorana?"

Ya ce ta yi masa rashin kunya. Ta ce ta ji. Washegari ta kama hannun Salome suka nufi tasha, Mark ya biyo su a baya da takardar likita.

Wata goma sha huɗu tana duba bakin yarinyar kowace safiya, har Salome ta fara gudunta. Ana ɗibar auduga wani farin tsini ya huda dasashin, daidai gurbinsa. Da labari ya kai ƙauye, Baffa ya ce addu'arsa ce ta tsare idon. Har ya mutu bai ce a yi haƙuri ba, ita ma ba ta daina jira ya faɗa ba.

Ran Kirsimeti aka sa Salome ta ba da waƙa. Ta tsaya a gaba ta buɗe baki ba ko ɗar. Liatu na bencin baya, ta san kowane baiti, tana amsawa a hankali ta bayan tafin hannunta.