Daga Ƙasa Ake Jan Sandar

A layinsu Sai-Na-Gani ake ce mata, kuma ba a yi mata sharri ba. Tela ce, shekara talatin a kan keke ɗaya. Ko rantsuwa ka yi cewa yadinka biyar ne, sai ta ɗora masa tef. Mijinta, mai rubuta allunan shaguna, ya sha dariyar wannan hali har Allah ya yi masa rasuwa.

Shi kuma nasa ciwon jiragen ruwa ne, irin masu tafiya da iska. Bai taɓa ganin teku ba, amma duk ranar hutu sai ya baje takarda da kwalbar tawada a kan teburin yankanta, yana zane tana mita. Bayan rasuwarsa rufi ya yi yoyo a kan akwatin zanen, ko ɗaya bai tsira ba. Abin ya ci ta ƙwarai. Burinta a ce ko guda na hannunsa ya rage mata.

Rannan autarta, ma'aikaciyar jinya, ta shigo shago da zane a cikin gilashi.

"Mama, dubi abin da na samo wurin abokin Baba. Ashe ya taɓa ba shi ɗaya."

"Wane abokin?"

"Mai gyaran agogon nan."

"Wanda ko gaisuwar rasuwa bai zo ba?"

Ta ɗora tabarau, ta kai zanen bakin ƙofa inda haske yake. Jirage uku ne, biyu kusa, ɗaya can nesa. Ƙyallayensu sun cika da iska kamar zanin da aka shanya, ruwan kuwa layi huɗu kacal, amma sai ka ji yana motsi. Zuciyarta ta so ta yarda. Idonta, wanda ya saba bin ɗinki, ya ƙi.

Mijinta bahago ne, gefen hannunsa kan shafi tawada kafin ta bushe, wannan takarda kuwa fes take. Sandar tsakiyar jirgi ma daga ƙasa yake janta da numfashi ɗaya, sai tawada ta yi kauri a gindi, ta sirance a sama. Nan kaurin a sama yake.

Ta juyo da niyyar faɗa, don ta tsani a yi mata wayo. Sai ta ga baƙi-baƙi a gefen yatsar autar ta tsakiya, irin wanda sabulu ba ya fitarwa a wanki ɗaya. Autar ta yi wuf ta cusa hannun a aljihu.

Sai-Na-Gani ta sake duban zanen. Daga nan ta ce a miƙo mata guduma, ta kafa ƙusa a bango saman kekenta, ta rataye zanen, ta gyara masa zama har sau biyu.

"In za ki sake," ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "daga ƙasa ake jan sandar, kuma kada ki numfasa sai kin kai sama. Ranar hutu teburin ba kowa a kansa."