Ranar da Malam Riskuwa Ya Nemi a Wuce Shi

Duk wanda ya taɓa kwana a Gwadangaji, nan bakin Birnin Kebbi, ya san Malam Riskuwa, ko bai san sunansa ba ya san bayansa. Da an idar da sallar asuba gari ya soma haske, za ka gan shi ya fito da dogon wandon motsa jiki da tsohon kambas, farin gemu na lilo, ya miƙi hanyar Ambursa da gudu. Baƙo kan tsaya ya waiwaya don ya ga abin da ya biyo dattijon. 'Yan unguwa kuwa sun daɗe da barin waiwaye. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, kuma duk faɗin fadamar nan da wuya ka sami manomin shinkafar da bai taɓa kai masa kuka ba. Amma in ka zauna hira da shi, zancen gudu zai fara yi maka, na inji sai in ka matsa.

Haifaffen Argungu ne, ɗan gidan masunta. Mahaifiyarsa ce ta fara sa shi gudu, kuma ba don wasa ba. In maza suka fito daga gulbi da kifi ita ke soyawa ta sayar, kuma wadda ta riga ɗora kasko ita ke kwashe masu saye. Sai ta ɗora masa ƙwaryar kifin a ka, ta ja masa kunne kada ya kuskura ɗan maƙwabciyarta ya riga shi isa gida. Ɗan maƙwabciyar nan shi ne Yari, wani dogo siriri mai naci kamar ƙuda. Daga bakin gulbi suka kai tserensu makaranta, inda malamin wasanni kan jera su babu takalmi ya ce su zagayo fadama su dawo. Da suka girma Yari ya koma Ambursa fataucin albasa, Riskuwa ya zo Birnin Kebbi koyon gyaran inji. Duk da haka, ko'ina aka ce akwai tseren gudu, na samarin gari ne ko na ma'aikata, sai ka gan su kafaɗa da kafaɗa.

Yari ba shi da ta ido a kan hanya. Zai zungure ka da gwiwar hannu ya wuce, ya kuma waiwayo ya ce ka gaida na baya. Riskuwa ya sha cin sa, amma shi ma ya sha kashi a hannunsa fiye da yadda yake son a faɗa. Akwai shekarar da ya yi rawar kai ya fita da wuta tun daga farko, kafin rabin hanya ya zube a gonar gero yana amai, Yari ya wuce yana yi masa sannu. Akwai wadda ya sa sabon takalmi ranar tsere don burga, ya ƙarasa da shi a hannu, ƙafa duk ta yi ruwa. A haka ya koyi haƙuri: ya fita sannu, ya bar masu zafin kai su ƙona kansu, ya riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke riƙe da shi a harkar kuwa bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan ce a kasuwa ana yi wa mutum kara, a gidan biki ma haka, amma hanya ba ta san ɗan wane ba, inda ƙafarka ta kai ka nan ne wurinka. Saboda wannan gaskiyar yake barin shimfiɗarsa kullum da sassafe.

Ciwon gwiwa ya ajiye Yari, Riskuwa ya ci gaba shi kaɗai. Daga baya wasu matasa suka kafa ƙungiyar masu gudu a gari, ya shiga. Duk shekara in an gama yankan shinkafa sukan shirya tsere daga Ambursa zuwa cikin Birnin Kebbi, baƙi ma su zo. Abin mamaki, yana ƙara tsufa yana ƙara matsowa gaba. Bara, da shekarunsa sun haura sittin, ya shigo cikin na farko-farko. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa matarsa Sadatu yaran yanzu shinkafa kawai suka iya ci.

Bai daɗe yana wannan cika bakin ba. 'Yarsa Ilham ta zo gida gaisuwa, ta nuna masa bidiyon tseren a wayarta don ta faranta masa. Ya ga kansa yana tafe yana haki, jijiyar wuya a miƙe. Sai kuma ya ga abin da ke bayansa. Samarin unguwa ne reras, suna tafe a hankali kamar masu rakiyar ango, ɗaya ma har yana duba waya. Baƙi da ba su san shi ba sun wuce abinsu. Amma waɗannan, wani shi ya gyara wa ubansa inji, wani a gabansa aka raɗa masa suna, babu wanda ya iya ratsa shi. A gabansu duka kuwa ga Junaidu, mijin Ilham, malamin makaranta mai ƙafa kamar barewa. Kafin aure Junaidu kan wuce shi fit ko waiwaye babu. Sai yanzu Malam Riskuwa ya lura cewa tun ranar da aka ɗaura auren nan bai sake ganin bayan yaron a hanya ba. Tunda shi ya ƙi wucewa, sauran ma suka bi sahunsa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da duk kashin da ya taɓa sha. Ya miƙa mata wayarta. Bayan Ilham ta tafi ya sami Sadatu a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Ashe rakiya aka yi min, ni ina ta cika baki."

Sadatu ko ɗagowa ba ta yi ba. "To Malam, mi kaka so yaron ga shi yi? Shi wuce uban matatai kamar wanda yag ga abokinai? Kunya ai ba laihi ba ta."

"Kunya cikin gida taka zama. Hwaɗa ma ɗiyakki ta hwaɗa mishi. In bana ma anka raka ni, na aje takalmi ke nan, ba ni koma gudu."

Da gaske yake, kuma Sadatu ta sani. Shi ba zai iya kiran surukinsa ya zaunar da shi a kan zancen gudu ba, mutumin da ko ido ba sa haɗawa. Saboda haka saƙo ya bi hanyar da saƙon surukai ke bi, daga miji zuwa mata, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa nata mijin. Amsa ta dawo ta wannan hanyar, kuma gajera ce. Junaidu ya ce to. Wanda ya san mutanenmu kuwa ya san "to" ta suruki ba alkawari ba ce.

Ranar tsere aka taru a Ambursa da sanyin safiya. Yari na zaune a kan buhunan albasarsa a bakin hanya, sanda a jingine.

"Riskuwa!" ya ƙwala masa kira. "Yau ma da 'yan rakiya kat taho? Ko ango ba shi samun irin wanga gayya."

Wato har Yari ya sani. Malam Riskuwa ya ɗaure igiyar takalminsa tamau. "Zamna bisa albasakka ka yi kallo," in ji shi.

Aka busa usur. Ya fita sannu yadda ya saba, baƙi suka yi gaba. Dama da hagu gonakin shinkafa ne da aka gama yanka, shanun Fulani na kiwo a ciki. Da aka ɗan yi nisa sai ya kasa kunne. Ga su nan kuwa, taku mai laushi, babu mai haki ko ɗaya. Ya ƙara wuta, suka ƙara. Ya rage, suka rage.

Sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juyo.

Samarin suka ci birki suna karo da juna. Junaidu, da ya ga idon surukinsa a kansa, bai san sanda ya durƙusa a kan kwalta ba. Sauran ma suka zube. Wani ɗan kabu-kabu da ke wucewa a kan babur ya tsaya ya saki baki, don bai taɓa ganin tseren da ake yin sa a tsugune ba.

"Junaidu," in ji Malam Riskuwa. Rabonsa da kiran sunan nan tun kafin aure. "Ɗiyata nib ba ka, ban ba ka gadin bayana ba."

"Baba, a yi haƙuri."

"Ba haƙuri nika nema ba. Tun ina yaro nika gudu don in san inda nike. Kun hana ni sani. In kana ganin girmana, wuce ni, kuma ka wuce da ƙarhinka duka."

Junaidu na kallon ƙasa, zufa na ɗiga daga hancinsa. "Baba, mutane mi za su ce?"

"Su ce ɗiyar Riskuwa ta auri mai ƙahwa."

Bai jira amsa ba, ya juya ya ci gaba da gudunsa. Ya yi tafiya mai ɗan nisa bai ji komai ba, har ya fara tunanin ya kunyata yaron a banza, kuma wannan ce ranarsa ta ƙarshe a hanya. Can sai ya ji taku na matsowa. Junaidu ne, ya biyo ta can gefen titi, ya sunkuya kamar mai shiga ƙaramar ƙofa, hannu a ƙirji.

"Gahwara, Baba."

"Bismilla."

Yana wucewa ya miƙe, ya buɗe ƙafa. Kai, yaron nan na da gudu! Malam Riskuwa ya bi bayansa da kallo har ya ƙanƙance, ya ji dariya na neman ƙwace masa numfashi. Sai sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, kowa da gafararsa, wani har da tambayar mutanen gida. Kafin a hango rufin gidajen Gwadangaji babu ko ɗaya daga cikin samarin da ya rage a bayansa.

Nan ne tseren ya fara. Waɗanda ke kusa da shi yanzu sa'o'insa ne a ƙafa, masu tumbi da masu furfura. A cikinsu akwai wani ƙato, direban babbar mota daga Jega, wanda bai san Riskuwa ba bare ya ji kunyarsa. Ya wuce shi har yana bangazar kafaɗarsa. Malam Riskuwa ya ji jininsa ya motsa. Ya bi shi, ya kamo shi, ya wuce. Direban ya sake ƙwacewa. Haka suka shigo gari suna huci, huhu kamar an zuba barkono, masu keke-napep na yi musu ihu. Daf da ƙarshe direban ya yi wani yunƙuri ya riga shi tsallaka layi da taku ɗaya.

Malam Riskuwa ya zube a gindin wata bishiyar bedi. Junaidu, wanda ya daɗe da isowa, ya ajiye masa ruwa a gefe ya ɓace cikin jama'a. Dattijon ya sha, ya zuba saura a ka. Ya daɗe bai gaji irin haka ba, kuma ya daɗe bai ji daɗi irin haka ba.

Da ya shiga gida yana ɗingishi, Sadatu ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Yau kam an ci ka," in ji ta.

"An ci ni sosai. Can baya niz zo, cikin tsohhi." Ya zauna a kan tabarma, ya cire takalmin, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a bakin ƙofa inda zai same shi da asuba. "Ɗora min ruwan zahi, Sadatu. Kuma ki rage min mai ga miya. Akwai wani direba mutumen Jega, baɗi sai ya ga bayana."